Ganga da Tukunya: Tarihin Rawa da Abinci a Ƙasar Kaya, Mafara da Bakura

Gabatarwa

A mafi yawan littattafan da ake karantarwa a makarantu, akan ware raye-rayen gargajiya a babi guda, abinci kuma a wani babin dabam, kamar babu abin da ya haɗa su. A bukukuwan nuna al'adu ma haka ake yi: 'yan rawa suna kan dandamali, masu tuwo da fura suna rumfa can gefe. Amma duk wanda ya bi tarihin garuruwan da ke bakin Gulbin Sakkwato, daga Kaya da Maradun har zuwa Talata Mafara da Bakura, zai tarar da cewa gona ɗaya ce ta haifi abubuwan nan biyu. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna yadda kiɗa da rawa suka tashi daga aikin neman abinci a wannan yanki, da kuma yadda kowane sauyi da ya taɓa gona ya taɓa ganga, tun daga zamanin jihadi har zuwa yau.

Abin da ƙasa take bayarwa

Ƙasar wannan yanki iri biyu ce, watau tudu da fadama. A tudu ake shuka gero da maiwa da dawa da wake, da ruwan damina kaɗai. A fadama kuwa, inda gulbi yake malala kowace shekara ya bar laka mai taki, nan ake samun shinkafa da rake da albasa, ga kuma kifin da yake saura a tafkuna bayan ruwa ya janye. Daga waɗannan ne aka gina abincin yau da kullum: fura da nono da rana, tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa da dare, kunu ko ɗumame da safe. Sai hoce, wanda ake yi da garin dawa a gasa, wanda kuma Zamfarawa suka shahara da shi, domin yana jure tafiya ba ya saurin lalacewa.

Ba duk abin da ake kira abincin gargajiya ne yake da shekaru ɗaya ba. Gero ɗan asalin Afirka ta Yamma ne, kuma masu binciken kayan tarihi sun sami alamunsa a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali, na kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Dawa ta fara zama abin shukawa ne a gabashin Sudan. Jar shinkafa ta fadama, wadda ta bambanta da farar shinkafar Asiya, a kwarin Kogin Kwara aka fara nomanta. Amma masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Ke nan ƙuli-ƙuli da yajin barkono, waɗanda yau ba wanda zai ce ba na Bahaushe ba ne, sakamakon cinikin duniya ne. Al'ada takan karɓi baƙo ta mai da shi ɗan gida, muddin ya dace da gona da tukunya.

Kalandar noma ita ce kalandar kiɗa

Kafin zuwan tarakta da maganin kashe ciyawa, babbar matsalar manomi ita ce noman farko, domin ciyawa ba ta jira, kuma hannun gida ɗaya ba ya isa. Maganin da aka samo shi ne gayya. Mai gona yakan sanar da Sarkin Noma ko shugaban samari, a sa rana, samarin gari su fito da garemani da hauyoyi. Ba a biyan su lada da kuɗi. Abin da yake kan mai gona shi ne fura mai yawa da tuwo da nama, gwargwadon ƙarfinsa, kuma a kan wannan abinci ake auna mutuncinsa. Makaɗin noma yana biye da manoma da gangarsa, yana kiran taken kowane gwarzo, yana zuga wanda ya wuce gaba, yana yi wa rago zambo. Sunkuyawa da sara da ɗaga hauya suna tafiya daidai da bugun ganga, har ya zama da wuya a ce ga inda aiki ya ƙare rawa ta fara. Shi ya sa har yau, idan 'yan rawar noma suka fito a wurin biki, da hauya a hannu suke fitowa, kuma motsinsu na mai huɗa ne.

A cikin gida ma haka abin yake. Matan da suke dakan furar gayya sukan yi lugude, watau su haɗa taɓare biyu ko uku a turmi ɗaya, suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Turmi ya zama ganga, waƙar daka da ta niƙa kuma suka zama wurin da mace take faɗin abin da ke ranta. Ƙwaryar da ake dama fura a ciki, ita ce ake kifawa a kan ruwa a yi kiɗan ƙwarya a bikin aure da suna.

Idan kaka ta yi, rumbuna suka cika, sai lokacin nishaɗi ya zo. A nan ne ake ɗaura aure, 'yan mata su fita dandali gaɗa da rawar kalangu a farin wata, 'yan dambe da 'yan kokawa su riƙa bin garuruwa, kowane gari yana ciyar da baƙinsa. Kalangu kansa kiɗan mahauta ne tun asali, kuma dambe ya daɗe yana da alaƙa da wannan sana'a. Fulani kuma, waɗanda suke sauko da shanu gonaki bayan girbi su ci kara su bar taki, sukan yi sharo a gefen kasuwa. Fura da nono ita ce shaidar wannan zama: geron manomi ne da nonon makiyayi a ƙwarya ɗaya.

Wannan tsari ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Rawar bangara ta mutanen Panjab, a Indiya da Pakistan, daga murnar girbin alkama ta samo asali. A Japan akwai tsofaffin kiɗe-kiɗe da raye-raye da ake yi wa masu dashen shinkafa. A Haiti manoma suna da irin tasu gayyar, wadda ake yi da waƙa da kiɗa da ciyarwa. Nan kusa kuma akwai bikin sabuwar doya na ƙasar Ibo, da bikin Homowo na mutanen Ga a Gana, wanda ake yi don tunawa da ƙarewar yunwa. Ko'ina aka duba, mutane sun yi rawa ne a lokacin da aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko kuma lokacin da abinci ya samu bayan fargaba.

Zamanin jihadi

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen ƙarni na 18, kuma Faru, wadda take ƙasar Maradun, tana cikin wuraren da ya zauna. Bayan an fara jihadi a 1804, ƙarancin abinci yana cikin dalilan da suka sa jama'arsa ta komo Zamfara ta sauka a Sabon Gari a 1805. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin yankin a matsayin rumbun hatsi.

A rubuce-rubucen shugabannin jihadi an soki cuɗanyar maza da mata a wuraren rawa, da kuma wasannin da suke da alaƙa da bautar iskoki, amma an bar ƙofa ga kiɗan da yake da amfani, kamar na tara mayaƙa da na shelar aure. Sakamakon haka shi ne tacewa. Bori ya koma bayan fage, yanke-yanken da ake yi wa iskoki kafin shuka suka ragu, sadaka da zakkar hatsi suka ƙara ƙarfi. Amma kiɗan noma ya tsira, saboda ba wanda zai musa amfaninsa. Watan azumi da salloli biyu kuma suka zama sababbin ginshiƙai na kalandar abinci da wasa, da kunun buɗa-baki da tashe da hawan salla.

Daga gona zuwa fada

Tarihin gidan Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya taƙaita abin da ya faru a ƙarni na 20. An haife shi a ƙasar Bakura a farkon wannan ƙarni. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma gidansu ya koma ƙasar Maradun, inda suka shiga hidimar Sarkin Kaya. Ɗanƙwairo ya fara ne da bin manoma, sa'an nan ya zama makaɗin kotso na fada tare da yayansa Abdu Kurna, daga baya ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, waƙa, sunansa ya game ƙasa kafin rasuwarsa a 1991. Haka nan Sa'idu Faru, wanda ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, hakimin Talata Mafara a wancan lokaci, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wanda ya saurari yadda 'yan amshin waɗannan makaɗa suke karɓa da murya ɗaya, zai ji sauran tsarin aikin gayya a ciki.

Me ya jawo makaɗi daga gona zuwa fada? Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, haraji ya zama na tsabar kuɗi. Da jirgin ƙasa ya isa Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka sami kasuwa, samari suka fara fita cin rani, ƙodago kuma ya soma maye gurbin gayya. Wanda ake biya da kuɗi ba ya bukatar zuga, mai gona kuma ba ya bukatar dafa wa gari abinci. Makaɗin da yake da basira sai ya nemi ubangida a wurin sarakuna da attajirai da 'yan siyasa. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryoyin makaɗan Zamfara ko'ina, amma murya kaɗai ya kai: rawar da furar suna can ƙauye suna raguwa.

Madatsar Bakolori

Fari mai tsanani da aka yi a farkon shekarun 1970, tare da kuɗin man fetur, su suka ƙarfafa gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin daga 1974 zuwa 1978, kuma tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450. Niyyar ita ce a noma alkama da shinkafa rani da damina.

Sai dai aikin ya zo da tsada. Tafkin ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. A filin ban-ruwa an sare itatuwa don a baje ƙasa, alhali a irin waɗannan itatuwa ne, kamar kuka da ɗorawa da tsamiya, mata suke samun miya da daddawa da kunu. Manoma sun yi shekaru ba su shuka ba suna jiran a gama aiki, rigimar diyya ta yi zafi, suka tare hanyoyi, har a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka rasa rayuka masu yawa. A ƙasan madatsar kuma, binciken da masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya yi ya nuna cewa ambaliyar shekara-shekara ta ragu, manoman fadama da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya faɗi.

Ba za a musa cewa ban-ruwa ya kawo amfani ba, domin ya sa Mafara da Bakura sun zama sanannu wajen shinkafa da kayan lambu. Amma ya sauya lokaci. Manomin da yake da shuka a rani ba shi da hutun kaka irin na kakansa, injin niƙa ya rage aikin dutse da turmi, waƙoƙin da suke tafiya da su kuma suka bi su.

Zamanin yanzu

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. A 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ta fara aiki a Janairun 2000, tsohuwar muhawara a kan halaccin kiɗa da cuɗanya a wurin biki ta sake tasowa. Amma abin da ya fi yi wa al'adun nan illa shi ne rashin tsaro da ya addabi karkarar jihar tun wajen 2011. Gonakin nesa sun gagara zuwa, an tilasta wa ƙauyuka biyan kuɗi kafin su yi girbi, dandali ya mutu domin ba mai barin 'yarsa ta fita da dare. A ranar 1 ga Satumba 2021 aka sace ɗalibai fiye da 70 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Kaya, a lokacin kuma gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako na wani ɗan lokaci. Amincin da ke tsakanin mai gero da mai nono, wanda ya ɗauki ɗaruruwan shekaru ana ginawa, ya sami mummunan rauni.

Kammalawa

Bukukuwa irin su FESTAC da aka yi a Legas da Kaduna a 1977, da bikin kamun kifi na Argungu wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, sun yi amfani wajen ɗaukaka darajar al'ada. Amma dandamali yana nuna rawa ne kawai, ba ya haifar ta. Tarihin Kaya da Mafara da Bakura ya nuna cewa abin da yake raya ta shi ne gona da ake iya zuwa, kasuwa da take ci, da dare da ake iya kwana lafiya.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɓangarori biyu. Ɗaliban tarihi da na harshen Hausa su gaggauta ɗaukar bayanai daga bakin tsofaffin makaɗan noma da matan da suka san lugude da sarrafa hoce da daddawa, tun suna raye. Ma'aikatan gwamnati kuma, musamman masu tsara ayyukan noma da ruwa da sake tsugunar da jama'a, su riƙa lissafa itacen kuka da tafkin kifi da filin dandali cikin dukiyar da aiki zai shafa, su kuma tambayi masu ita kafin a aza harsashi. Rashin yin wannan tambaya yana cikin abubuwan da suka jawo abin da ya faru a Bakolori.