Illar Magani Bayan Bugun Zuciya: Mai Damu da Mai Haɗari

Wanda ya tsallake bugun zuciya yakan bar asibiti da magani huɗu ko biyar: aspirin da clopidogrel don hana jini daskarewa, statin don rage kitsen jini, sai irin su bisoprolol da ramipril masu rage wa zuciya nauyi. Kowanne da tasa illar, sai dai wadda majiyyaci ya fi kuka da ita ba lallai ce mai haɗari ba.

Ramipril da lisinopril kan jawo busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, saboda sinadarin bradykinin da ke taruwa a jiki. Yana hana barci, amma da likita ya sauya zuwa losartan yakan lafa. Kumburin leɓe ko harshe kuwa, wanda ya fi samun baƙar fata, wannan na gaggawa ne.

Statin ne ya fi shan zargi, kan ciwon jiki. A binciken SAMSON da aka yi a Landan aka wallafa a 2020, an ɗauki mutum 60 da suka watsar da shi saboda illa. Wani watan su sha statin, wani watan ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da sun san wacce ce ba, wani watan kuma ba komai. Kashi 90 cikin 100 na damuwar da statin ya kawo, ƙwayar banzan ma ta kawo ta. Ba ƙarya suke ba, ciwon suna jin sa. Tsammanin illa ne ya haifar da mafi yawansa.

Abin tsoro zubar jini ne, domin ba ya sallama. Aspirin na cin bangon ciki, clopidogrel na ƙara tsinka jini, sai mutum ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri da kasala. A wajenmu akwai ƙari: gwiwa ta yi ciwo, a aika yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, a ɗora a kai. Wannan ganganci ne, ko da ba da sani aka yi ba.

Dainawa da kai ma ba mafita ba ce. Wanda aka sa wa ɗan bututun ƙarfe a jijiyar zuciya, in ya ajiye clopidogrel kafin wa'adinsa, galibi wata 12, jini na iya toshe bututun, bugun ya dawo. Shi ya sa likitoci kan haɗa da pantoprazole don kare ciki, maganin kuma a ci gaba da sha.