Pon na Baya: Yadda Sana'armu Ta Sauya a Badagishiri

Duk motar da ta baro Tsernawa ta nufi Tahoua sai ta ratsa Badagishiri, kuma yawancinsu ɗauke suke da abin da ya fi ƙarfinsu: albasar Galmi, simintin Malbaza, ko kuma, in sun juyo, dabbobin da aka saya a kasuwarmu za a kai Konni su tsallaka Illela ta Najeriya. Wahalar wannan lodi a kan pon na baya take ƙarewa, wato tukunyar haƙoran da ke karɓar juyi daga giya ta raba wa tayoyin baya biyu. Shi ya sa a da, a garejojinmu, yaro ba ya zama maigida sai ya iya haɗa pon.

Magabatanmu a kan Pijo 404 suka koyi aikin, motar da Faransa ta fara ƙerawa a 1960. Pon ɗin ƙaramar 404 daban yake: sandar ƙarfe mai murɗi ce ke juya faifan tagulla, kuma mansa na musamman ne, wanda ake yi da zurma. Wanda ya gauraya masa man giya na kasuwa, tagullar za ta cinye. Sai 504 ta fito a 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa Pijo a Kaduna a 1975, kuron da pinyo na ƙarfe, wato babban faifan haƙora da ƙaramin da ke juya shi, suka zama ruwan dare, kayan gyara kuma suna shigo mana ta Sakkwato.

A wancan zamani haɗawa rabin aiki ce, dubawa ita ce sauran rabin. Kuron da pinyo tare aka wasa su tun daga masana'anta, don haka ba a ɗauko na wata mota a haɗa da na wata. Maigida zai shafa shuɗin fenti a haƙoran kuron, ya juya da hannu, ya duba inda pinyo ya taka. In sawun ya zauna a tsakiyar haƙori, madalla. In ya gangara baki ko gindi, a sake kwancewa, a ƙara siririn washa ko a rage, ko da za a kai magariba. Ratar da ke tsakanin haƙora ba ta wuce kaurin takarda biyu ba: in ta matse pon ya yi zafi, in ta yi yawa ya riƙa bugawa. Daga nan a ɗaga bayan mota, a juya taya ɗaya, ɗayar ta juya baya ba tare da cijewa ba. A zuba mai lamba 90, a hau kwalta, kowa ya yi shiru. Kukan da ke tasowa in an taka wuta daban yake da na lokacin da aka saki, na boris kuma gurnani ne. In an dawo a taɓa tukunyar da tafin hannu, a leƙa ko mai na tsiyaya.

Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta tsawwala kuɗin sabon kaya, sai tsofaffin kayan Turai da ke sauka a Kwatano suka cika kasuwa. Toyota ta maye gurbin Pijo, PAN ma ta daina 504 a 2006. Yau in pon ya yi kuka, mai mota cewa yake: "Maigida, a sa mini wani kawai." A kwance wannan, a ɗaura wancan, ba wanda ya buɗe cikinsa, ba wanda ya san irin tafiyar da ya sha kafin ya iso mu.

Wannan ne ke damuna. Pon ɗin da ba a duba ba yakan cije a guje, ga mutane zaune a kan buhuna. Tsofaffin 504 da suka rage suna zirga-zirgar kasuwannin ƙauye, waɗanda suka iya dubawar nan ne ke riƙe da su, kuma sun manyanta. Duk maigidan da ya iya, ya zaunar da yaransa a gaban buɗaɗɗen pon, ya ba su fenti su karanta sawun haƙori da kansu, tun yana da idon da zai gyara musu.