Shakespeare and Company: Kantin littattafan Faris da zaɓen littafi da taron marubuta suka zama jarinsa

A gaɓar kogin Seine, daura da babbar majami'ar Notre-Dame da ke birnin Faris, akwai wani kantin littattafan Ingilishi mai suna Shakespeare and Company, a gida mai lamba 37 a titin Bûcherie. Kanti ne mai zaman kansa, ba reshen wani babban kamfani ba, kuma iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1951. Littattafan da ke cikinsa ana samunsu a intanet ba tare da an bi dogon layin da ke ƙofarsa ba. Abin da ba a samu a can shi ne mutumin da ya karanta littafi ya ce maka ga wanda ya dace da kai, da ɗakin da marubuci zai zauna gaba da gaba da masu karanta shi. A kan waɗannan biyun kantin ya dogara.

Sunan ya girmi kantin na yanzu. Wata Ba'amurkiya, Sylvia Beach, ce ta buɗe na farko a 1919, sannan ta mai da shi lamba 12 a titin Odéon a 1921. Tun daga farko ba sayarwa kaɗai take yi ba: tana bayar da hayar littattafai ga wanda ya biya kuɗin rajista, domin yawancin matasan marubutan da suka kwararo Faris bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su da halin saye. Ernest Hemingway na cikin masu aron. Katunan da take rubuta wanda ya ari me, da ranar da ya mayar, suna nan a Jami'ar Princeton ta Amurka, kuma an ɗora su a intanet, har manazarta na bin diddigin abin da kowane marubuci ya karanta kafin ya rubuta nasa.

A 1922 Beach ta yi abin da ya sa sunanta ya shiga tarihin adabi. Littafin Ulysses na James Joyce ya rasa mai buga shi a Ingila da Amurka saboda zargin batsa, sai ita, da ba ta taɓa wallafa ko ƙasida ba, ta buga kwafi 1,000. Amurka ba ta halatta shigar littafin ba sai bayan hukuncin kotu a 1933. Ɗaukakar ta samu, amma ɗawainiyar Joyce ta ci mata dukiya ƙwarai.

Da karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta kori Amurkawa daga Faris, kantin ya kusa durƙushewa. A nan ne taron karatu ya tashi daga hira ya koma hanyar tsira. Marubucin Faransa André Gide ya jagoranci kafa ƙungiyar abokan kantin a 1936, inda mambobi ke biyan kuɗin shekara don su halarci zaman da manyan marubuta ke karanta ayyukansu da bakinsu. Gide da Paul Valéry da T.S. Eliot duk sun yi karatu a wurin. Wannan ya riƙe kantin har zuwa 1941, lokacin da Jamus ke mamaye da birnin. Ana ba da labarin cewa Beach ta ƙi sayar wa wani hafsan Jamus kwafinta na ƙarshe na Finnegans Wake, ya yi barazanar kwashe kayan, ita kuwa ta riga shi, ta ɓoye littattafan a wani bene ta rufe ƙofa. Daga baya an tsare ta na wata shida, kuma ba ta sake buɗewa ba.

Wani Ba'amurke, George Whitman, ya buɗe nasa kantin a 1951 da sunan Le Mistral. A 1964, shekara biyu bayan rasuwar Beach, kuma shekara 400 da haihuwar William Shakespeare, ya sauya masa suna zuwa na yanzu don karrama ta. James Baldwin da Richard Wright da Allen Ginsberg na cikin waɗanda suka riƙa zuwa.

Whitman ne ya kawo al'adar da ta fi ba baƙi mamaki. Ya sa gadaje a tsakanin kantocin littattafai, ya bar matasan marubuta matafiya su kwana kyauta. Yana kiransu Tumbleweeds, sunan wata busasshiyar ciyawa da iska ke mirginawa a hamadar Amurka. Sharuɗɗan uku ne: baƙo ya karanta littafi ɗaya kowace rana, ya taimaka da aikin kanti na 'yan sa'o'i, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa a shafi ɗaya kafin ya tafi. Kantin ya ce fiye da mutum 30,000 sun kwana a cikinsa. Sharaɗin karatun nan ba wasa ba ne, don wanda ya karanta littafi talatin a wata yana da abin faɗa idan mai saye ya tambaye shi shawara.

Whitman ya rasu a Disambar 2011 yana da shekara 98. 'Yarsa, Sylvia Whitman, wadda ta ci sunan Beach, ita ke tafiyar da kantin tun kafin rasuwarsa. Ta soma bikin adabi a 2003, ta buɗe wurin shan gahawa a gefen kantin a 2015, ta kuma tsara tarukan da a da suke zuwa yadda suka ga dama. Yanzu ana gayyatar marubuci ya yi karatu, a tattauna da shi, masu sauraro su yi tambaya, ya sa hannu a kwafin da aka saya. Yawancin zaman kyauta ne, ana kuma naɗar muryoyin a watsa su a intanet.

Shawarar littafi ma ta zama haja. Ma'aikata na fitar da zaɓinsu tare da gajeren bayanin dalili, kuma akwai tsarin da mutum zai biya kuɗin shekara a aiko masa da littattafai 12 da ma'aikatan suka zaɓa, kwatankwacin ɗaya kowane wata, ko da yana wata nahiyar. Mai biya bai san abin da zai zo masa ba. Amana ya saya. Kasadar tana kan kantin, domin zaɓi biyu ko uku marasa daɗi sun isa su kori abokin ciniki. Sai dai ta nan ne littafin da aka fassaro daga wani harshe, ko na ƙaramin kamfanin ɗab'i, ke isa hannun wanda ba zai taɓa neman sa da kansa ba.

Akwai kuma garkuwar doka, wadda ba a cika ambata ba in ana yabon kantin. Tun 1981 Faransa ta wajabta cewa mawallafi ne ke yanke farashin sabon littafi, kuma babu mai sayarwa, babba ko ƙarami, da zai yi rangwame fiye da kashi 5 cikin ɗari. Daga Oktoban 2023 an ƙara da cewa duk odar sababbin littattafai ta intanet da ba ta kai yuro 35 ba sai an biya aƙalla yuro 3 na aikawa.

Duk da haka kantin ya ga ta kansa. Gobarar Notre-Dame ta Afrilun 2019 ta taɓa unguwar, sai annobar korona ta biyo baya. A Oktoban 2020 ya sanar cewa cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari tun daga Maris, ya roƙi masu karatu su sayi littafi. Oda ta yi ta shigowa daga ƙasashe da dama, aka kuma farfaɗo da ƙungiyar abokan kantin, irin wadda Gide ya kafa wa Beach shekara 84 kafin nan, inda mambobi ke biyan kuɗin shekara.