Allo, Lakwal da Takardar Shaida: Tarihin Zaɓen Makaranta a Ƙasar Damagaram, Misalin Dogo

1.0 Gabatarwa

Garin Dogo yana kudu da birnin Damagaram, cikin gundumar Mirya, a kan hanyar da ta bi ta Bande da Magarya ta shiga Najeriya. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, amma zuwa Kano kimanin 240 ce kawai. Saboda haka idan ɗa ya isa karatu a wannan yanki, hanyoyi huɗu ne a gaban mahaifinsa: makarantar allo, lakwal ta gwamnati, madarasa mai haɗa Faransanci da Larabci, sai kuma makarantun tsallaken iyaka masu bin tsarin Najeriya. Kowace hanya da manhajarta, kowace kuma da wanda yake yi wa ɗalibi jarrabawa a ƙarshenta.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda waɗannan hanyoyi suka samu, tare da nuna abu guda: abin da iyaye suka daɗe suna aunawa shi ne wanda zai yi wa yaro shaida, da kuma inda shaidar take ci. Abin da ake koyarwa cikin aji yana zuwa ne daga baya. Mun ga ya dace a yi wannan waiwaye yanzu, ganin cewa batun harshen koyarwa ya sake tasowa tun daga 2025.

2.0 Kafin zuwan Nasara: shaida a bakin malam

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), Damagaram ta zama matattarar fatake tsakanin Kano, Barno da Tarabulus. André Salifou ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na 1971 a kan masarautar. Ta fuskar karatu, ƙasar tana kallon gabas ne, wato Barno, inda hadda da rubutun Alƙur'ani suka yi zurfi.

Wannan karatu yana da manhaja tsararriya, ko da yake ba a rubuce take a ofis ba. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya shiga karatun allo har ya kai sauka. Wanda ya so zurfafawa sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai ya bi tsangaya ya yi hadda, ya tashi daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, har ya zama alaramma ko gwani. Ko kuma ya zauna zauren malam ya bi littattafai, daga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala da Muhtasar.

Haka kuma akwai jarrabawa. Mai da'awar hadda sai ya karanta a gaban waɗanda suka riga shi, ya rubuta Alƙur'ani da ka, a duba a ga ko ya yi tuntuɓe. Abin lura a nan shi ne shaidar tana rataye da mutum. Tambayar da ake yi wa baƙon almajiri ita ce a wurin wa ya yi karatu. Sunan malami shi ne hatimi, kuma wannan hatimi yana ci a Kano da Katsina da Kukawa kamar yadda yake ci a Dogo. Uban da ke zaɓa wa ɗansa makaranta a wancan zamani malami yake zaɓa.

3.0 Iyaka ɗaya, takardu biyu (1899-1960)

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini da kisan Sarki Amadu Kuran Daga. Tsakanin 1906 da 1908 kwamitin Tilho da O'Shee ya kafa alamun iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila. Wannan layi ya raba dangi da kasuwanni, ya kuma haifar da tsarin karatun boko iri biyu ga mutane masu harshe ɗaya.

A kudancin iyaka, Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, kuma da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Daga baya Kwalejin Katsina ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Bugu da ƙari, a 1934 aka kafa makarantar horon alƙalai a Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Ma'anar wannan ita ce, a ƙasar Kano ɗan malam yana iya samun takardar da hukuma ta sani ba tare da ya bar Larabcinsa ba.

A arewacin iyaka lamarin ya sha bamban. Dokar Gwamna Roume ta 1903 ta tsara makarantun Afirka ta Yamma ta Faransa hawa-hawa: na ƙauye, na yanki da na birni. Dokar Gwamna Carde ta 1924 kuma ta jaddada cewa Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makaranta. Ɗan lakwal da ya yi suɓul da baka ya yi Hausa sai a rataya masa alamar horo. Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926, tana da makarantar yanki, amma tsanin yana ƙarewa ne can nesa, a makarantar William Ponty ta Sanagal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Ƴan kaɗan ne ƙwarai suka kai can.

A ƙauyuka irin su Dogo da wuya a kira abin da ya faru a wannan zamani zaɓe. Kumandan ne yake yanka wa sarakuna adadin yaran da za su kawo, dogarai su bi gida-gida. Masu hali kan ɓoye ƴaƴansu, ko su tura su gabas almajiranci, ko su ba da abin hannu a sake su. Sau da yawa ɗan talaka ko ɗan bara ne yake cike gurbin. Sai da waɗannan yara suka dawo a matsayin tafinta da mushe da akawu, masu albashi da faɗa a ji, sannan aka fara gane cewa takardar Nasara ma tana da nata ƙarfi. Duk da haka, lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba.

4.0 Ƙoƙarin sasantawa: madarasa da makarantun gwaji

Tun kafin ƴancin kai hukuma ta gane cewa iyaye da yawa ba za su miƙa ƴaƴansu ga makarantar da babu addini a cikinta ba. A 1957 aka buɗe madarasa ta farko a garin Sayi, aka haɗa darussan lakwal da Larabci da addini. Daga baya irinta ta bazu cikin ƙasa, har ta sami jarrabawoyinta a matakin firamare da kwaleji da lise, sannan a 1986 Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki. Madarasa ta karɓu saboda ta ba uba abubuwa biyu a lokaci guda: kwanciyar hankali game da tarbiyyar ɗansa, da takarda mai hatimin gwamnati. Sai dai kuma ƙofofin da takardar take buɗewa ba su da yawa. Waɗanda suka zarce zuwa Azhar ko Madina suka dawo da Larabci mai zurfi, amma Faransancinsu da rauni, sun tarar ofisoshi ba su da gurbinsu in ban da aikin koyarwa.

Ƙoƙari na biyu ya shafi harshe, kuma a Damagaram aka fara shi. Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kira a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a birnin Damagaram, inda yaro yake fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa, Faransanci kuma yana shigowa sannu a hankali har ya karɓi ragama a azuzuwan ƙarshe. Daga bisani aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da harshen Buzaye, cibiyar INDRAP tana shirya littattafai.

Aune-aunen da aka yi wa waɗannan makarantu sun nuna ɗalibansu suna saurin iya karatu, suna sakin jiki cikin aji, kuma ba su zama koma-baya a Faransanci ba. Amma fiye da shekara ashirin makarantun ba su wuce ƴan gomomi ba, kuma sunan gwaji bai rabu da su ba. Dalilai suna da yawa, har da ƙarancin kuɗi da yawan sauya wa malaman da aka horar wurin aiki. A ganinmu babban dalili shi ne jarrabawa. Yaron da ya fara da Hausa, a ƙarshen shekara ta shida CFEPD yake zaunawa da Faransanci, ya nemi shiga kwaleji da Faransanci, BEPC da bak ma haka. Babu takarda ko ɗaya da ta ba Hausarsa wani nauyi na a zo a gani. Uba manomi bai karanta rahoton masana ba, amma ya ga wannan da idonsa, ya kuma ga cewa yawancin manyan ma'aikata ba can suke kai ƴaƴansu ba. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince a koyar da harshen uwa a matakin farko, amma abin da ke cikin doka ya daɗe bai isa yawancin azuzuwa ba.

5.0 Shekarun 1990 da tsallaken iyaka

Daga 1960 zuwa shekarun 1980 lissafin lakwal a fili yake: wanda ya sami BEPC ko bak, gwamnati za ta ƙarasa horar da shi ta ba shi aiki. Faɗuwar kuɗin yuraniyom da shirin tsuke bakin aljihu suka rushe wannan alkawari. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Yajin aiki da bashin albashi suka biyo baya, aka yi shekarun karatu da suka tashi a tutar babu, waɗanda ake kira farar shekara, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Zuwa ƙarshen shekarun aka koma ɗaukar malamai ƴan kwantiragi masu ƙaramin albashi.

A wannan yanayi ne makarantu masu zaman kansu suka yawaita a birane, hanyar kudu kuma ta ƙara jan hankali. Mutumin Dogo yana da dangi ko abokan ciniki a Daura ko Kano, nera tana yawo a kasuwannin yankinsa, kuma makarantun Islamiyya na zamani, waɗanda suka ƙaru bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, suna koyar da addini a kan benci da allon bango. Amma yaron da ya tsallaka ya shiga wata duniyar takardu ce dabam. A Nijar tsanin shi ne shekara 6 na firamare, 4 na kwaleji, 3 na lise. A Najeriya kuwa tsarin da aka bi tun shekarun 1980 shi ne 6-3-3-4. A ƙarshen sakandare akwai hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO ta 1999, ga kuma NBAIS ta masu Larabci da addini. Mai neman jami'a kuma sai ya bi ta JAMB, wadda ta fara aiki a 1978.

WAEC tana haɗa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Ƙasashe masu Faransanci kuwa nasu zauren shi ne CAMES, wadda shugabanninsu suka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, kuma Najeriya ba ta cikinta. Don haka wanda ya dawo gida da takardar Kano sai ya nemi a daidaita masa ita kafin a san matsayinta, kuma ko an daidaita, gasar shiga aikin gwamnati da Faransanci aka saba yin ta. Wanda ya tafi Kano da bak shi ma sai ya fara da koyon Ingilishi. Iyakar da almajiri yake ratsawa da allonsa ba tare da wani ya tambaye shi ba, ita ce take tsayar da mai takarda.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci dalilin da ya sa gidaje da yawa a ƙasar Damagaram suke raba ƙafa. Ɗa guda ya tafi lakwal, wani tsangaya, wani madarasa, wani a kai shi wurin kawunsa a Kano. Wanda ke lakwal ma yakan ɗauki allonsa da asuba da kuma dare. Ita ƴa mace, nisan kwaleji daga gida da batun aure sukan yanke mata hukunci kafin a zo maganar manhaja. Masu tsara ilimi sun sha fassara wannan hali da jahilci ko ƙin boko. Tarihi yana nuna lissafi ne na mutanen da suka ga takarda ta yi daraja, suka kuma ga ta faɗi, don haka ba su yarda su ɗora wa jaki ɗaya dukan kayansu ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki yana iya taɓa dukan hanyoyi huɗu da muka ambata. Darasin gwajin 1973 shi ne, sauya harshen aji ba ya sauya zaɓin iyaye sai an sauya abin da jarrabawa take aunawa da kuma aikin da takarda take bayarwa. Saboda haka muna ba da shawara ga malamai da ɗaliban wannan sashe su mai da hankali ga abubuwa uku: matsayin Hausa cikin jarrabawoyin ƙasa, hanyar da mahaddaci ko ɗan zaure zai sami shaidar da hukuma ta sani, da kuma daidaita takardu tsakanin Nijar da Najeriya. Rajistocin tsofaffin makarantu na Dogo da Mirya da Magarya, tare da hira da dattawan da aka kai lakwal da ƙarfi, su ne wurin da ya kamata wannan bincike ya fara.