Tashe: Watan da Manya Ke Yarda da Gemun Auduga



Bahaushe ya kasa watan azumi kashi uku: goman marmari, goman wuya da goman ɗokin Sallah. Idan goman farko ta wuce, jiki ya fara nauyi, sai yara su fito tashe bayan an sha ruwa. Yaro ɗan shekara takwas zai manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya dogara sanda yana tafiya a duƙe. Maigida ya san yaron, ya san ubansa, amma sai ya gyara zama ya ce, "Sannu Baba, daga ina haka da daren nan?" Wannan gaisuwar ita ce ran tashe. Muddin babba ya amsa wa yaro a matsayin tsoho, to a wannan daren yaron tsoho ne.

Masana sun danganta kalmar tashe da tashi, wato tashin mutane domin sahur. Daga baya abin ya zama wasan kwaikwayo na gida-gida, maza da nasu, mata da nasu. A ɓangaren maza akwai Jatau Mai Magani, wanda ke baje saiwoyi da sassaƙe yana lissafa cutar da kowanne ke warkarwa. Akwai Tsoho da Gemu, akwai Macukule, akwai mai hawa dokin kara yana sukuwa kamar barde. 'Yan mata kuwa sukan kife ƙwarya a kan ruwa suna kaɗawa, su yi Samodara, ko wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya ke sa babbar riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama amarya ana koya mata zaman gida. A Kano har sarauta tashe ya samar: Nalako, sarkin gwagware, wanda ke zagaya gari da kiɗa yana farautar mazan da ba su da aure. Ladan duk wannan bai wuce tafin gero ko dawa ko 'yan kwabbai ba. Yara su tara, a ƙarshe su raba ko su yi girki tare.

Tashe ɗan uwan tatsuniya ne, domin a ɗakin kaka yaro ke fara sanin Gizo da Ƙoƙi da Dodo kafin ya fito da irinsu titi. Tatsuniyoyinmu sun daɗe da shiga takarda. A 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, wanda yawancinsa daga bakin Dorugu ya fito. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da kundi uku na tatsuniyoyin da malamai suka rubuta da ajami. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta, M. B. Umar kuma ya rubuta littafi a kan wasannin tashe kaɗai. Sai dai takarda tana adana kalmomi ne kawai. Muryar da kaka ke maƙalewa in ta zo maganar Gizo, da kukan da ƙaramin ƙane ke fashewa da shi in ya ga yayansa ya shafa gawayi, waɗannan sai a cikin gida ake gadonsu.

Garinmu na Gombe sabo ne idan aka kwatanta da Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar a zamanin jihadin 1804, fadarta tana Gombe Abba. A 1913 Turawa suka mai da hedikwata Nafaɗa, sannan a 1919 aka dawo Doma, inda muke zaune yanzu. Cinikin auduga da gyaɗa, da injin gurzar auduga da ya bar wa unguwar BCGA sunanta, da jirgin ƙasa da ya iso a 1963, su suka jawo fatake da malamai da masu sana'a daga ƙasar Hausa. Suka zauna da Fulani da Bolawa da Terawa da Barebari, Hausa ta zama harshen kasuwa da na dandali. Shi ya sa yaron Dawaki da na Jekadafari da na Herwagana da na Bolari duk tashe ɗaya suka tashi suna yi, ko da wane harshe ake yi a cikin gidajensu.

Ba Gombe kaɗai Hausawa suka kai wannan al'ada ba. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yara na yin wasan da ake kira Dodo a cikin watan azumi. Sukan sa fuskokin namun daji, ɗaya ya zama maharbi, su bi gida-gida da kiɗa ana ba su kyauta. Mutanen can da kansu sun ce fatake Hausawa ne suka kai musu shi a ƙarni na 19. Wasan ya zauna har 'ya'yan Mosawa suka ɗauke shi nasu, ana shirya masa gasa.

Wani zai ce, ashe ba ƙarya ake koya wa yara ba? Magabata sun riga mu tunanin wannan. Mai tatsuniya ba ya tashi sai ya rufe da ƙurunƙus, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Ɗan tashe ma da ya koma gida zai wanke fuska, gobe ya ɗauki allonsa. An shata wa wasan lokaci, an shata masa iyaka, yaro ya san inda yake farawa da inda yake ƙarewa. Haka nan uwar da ke ce wa ɗanta mai shekara shida za ta ɗinke masa rabin azumin jiya da na yau su zama guda. Zai girma ya gane babu allurar da ke wannan ɗinki, amma kafin nan ya saba da sahur, ya kuma so azumi.

Abin da ya raunana tashe ba ɓoyayye ba ne. Da can gida yana da zaure, ƙofa a buɗe, dattijo na zaune a kan tabarma. Yanzu katanga ce da ƙofar ƙarfe. Talabijin ta fara cinye hirar dare, waya ta zo ta ƙarasa. Sannan ga tsoro. Tun daga siyasar 2003 da 'yan Kalare suka addabi Gombe, iyaye da yawa suka daina barin yara fita bayan isha'i. A Kano ma rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan, saboda ɓata-gari na fakewa da shi su yi faɗan daba da ƙwacen waya. Ba wanda zai ga laifin uban da ya kulle ƙofarsa. Amma ya kamata mu san abin da ke salwanta: yaron da bai taɓa zama sarki ko boka ko tsoho na dare ɗaya ba, ya rasa makarantar da ake koyon tsayawa gaban jama'a, da sarrafa harshe, da yi wa babba gugar zana cikin ladabi.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. Gidaje biyar ko shida na layi ɗaya za su iya yarda yaransu su zagaya tsakaninsu kawai, daga shan ruwa zuwa kiran isha'i, da wani babban yaya biye da su. Inda hakan bai yiwu ba, tsakar gida ta isa dandali. A nemo auduga da tsohuwar riga da karan dawa, a roƙi kaka ko gwaggo ta koya musu waƙoƙin tun tana da ƙarfin tunawa. A tanadi 'yar kyauta, ko dabino ne. Bayan Sallah kuma, in sun ga hawan Mai Martaba sun dawo suna son yin nasu, a taya su ɗaura wa dokin kara linzami. Abin kunya ne a ce unguwa mai suna Dawaki ta rasa mahaya.

Mafi muhimmanci shi ne rawar da mu manya za mu taka. Idan ɗan tsohon nan mai gemun auduga ya yi sallama a bana, kada a kira shi da sunansa na yanka, kada a ce ya je ya wanke fuska. A ajiye waya, a shimfiɗa masa tabarma, a tambaye shi lafiyar jikoki.

Allah ya kai mu watan lafiya, ya raya mana zuriya, ya zaunar da garinmu lafiya.