Beli a Arewacin Najeriya: Daga Lamuni Zuwa Dokar 2015

Beli shi ne sakin wanda ake tuhuma da laifi kafin a gama shari'arsa, bisa alkawarin zai bayyana duk ranar da aka neme shi. Kalmar aro ce daga Turanci, amma abin da take nufi ya riga Turawa zuwa ƙasar Hausa. A kotunan alƙalai ana cewa lamuni, littattafan fiƙihun Malikiyya kuma, irin su Muktasar na Shaihu Halilu, sun yi bayanin lamunin dukiya da lamunin fuska, wato mutum ya ɗauki nauyin kawo wani gaban alƙali. Dattijo ne ko mai unguwa zai ce ya tsaya, jinginarsa kuwa mutuncinsa.

Tsarin da ake bi a rubuce ya samo asali daga Ingila, inda dokar Westminster ta 1275 ta ware laifuffukan da ake bayar da beli a kansu. Amma ta doguwar hanya ya iso Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawarwarinsa majalisar Jihar Arewa da ke Lugard Hall a Kaduna ta zartar da dokar Final Kod da dokar tafiyar da shari'ar laifi, aka fara aiki da su a 1960. An ɗauko su daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya. Dokar tafiyar da shari'ar laifin ta raba laifuffuka: ƙanana belinsu hakki ne, manya sai yadda alƙali ya gani, masu hukuncin kisa kuwa da wuya.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya wajabta kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wanda aka kama a tashar motar Kawo da ke Kaduna ko a kasuwar Talata ba ya cikin masu nisa da kotu. A caji ofis akan liƙa sanarwa cewa beli kyauta ne, haka doka ta ce, ko da yake mutane da dama za su yi murmushi in an karanta musu.

A kotu ba a cika ajiye tsabar kuɗi ba. Mai tsayawa yakan sa hannu kan adadin da zai biya idan mutuminsa ya tsere, ya kawo hotuna da shaidar adireshi, wani lokaci har takardar mallakar fili ko shaidar ma'aikacin gwamnati ne mai babban mataki. Nan talaka ke maƙalewa. An ba shi beli a baki, ya ci gaba da kwana a gidan yari don bai san darakta ko ɗaya ba. Wannan giɓi ne ya haifar da masu zaman jira a harabar kotuna, suna tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba don a sallame su, wasu da adireshin bogi. In asiri ya tonu, belin ne ke rushewa.

A Amurka wannan sana'a ce mai lasisi. Ana danganta farkonta da 'yan'uwan McDonough na San Francisco a 1898, kamfani kan karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin, kuma ba ya mayarwa ko an wanke mutum. Jihar Illinois ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a 2023.

Najeriya kuwa sai daga baya ta buɗe ƙofar. Legas ce ta fara, sannan dokar tarayya ta 2015 kan tafiyar da shari'ar laifi ta ba Babban Joji ikon yi wa masu wannan aiki rajista. Dokar ta kuma ce ba za a hana mace tsayawa don kawai mace ce ba, ta haramta kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Duk da haka, a Kawo, in an kama mutum, har yau wa ko kawu ko shugaban 'yan kasuwarsu ake bugawa waya.