Malami da Sarauta: Daga Zamfara Zuwa Koriya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, da wuya a ce bai ji labarin zaman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Zamfara ba. Ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a can. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar. Ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a rage wa talakawa haraji, a kuma saki 'yan sarƙa, cikinsu har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara, gidan da daga baya ya zauna a Anka.

To, wannan tirka-tirka tsakanin malami da sarki ba a ƙasarmu kaɗai aka yi ta ba. A Koriya, lokacin da aka kafa daular Joson a 1392, malamai mabiya Ju Shi na ƙasar Sin, wanda ya sabunta koyarwar Konfushiyas, su ne suka tsara mulkin. Ra'ayinsu shi ne, sai shugaba ya gyara halinsa ƙasa za ta gyaru. Muƙami kuwa galibi sai wanda ya ci jarrabawar littattafai, aka yi ta bin wannan tsari har 1894.

Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Jong Dojon, wanda ya tsara daular, ɗan sarki ya kashe shi a 1398. Jo Gwangjo ya matsa a kan gyara, sarki ya aika masa da guba a 1519. Yi Hwang kuwa ya ajiye muƙami, ya koma Dosan ya buɗe makaranta.

Wannan na ƙarshe zai tuna wa mai karatu da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A 1807 ya ga son mulki da dukiya sun shiga jama'a, ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas. Kanawa suka tsai da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan ƙa'idojin mulki.

Addinin ya bambanta, amma jarrabawar ɗaya ce. Gaya wa sarki gaskiya a Magami ya fi sauƙi a kan riƙon gaskiya bayan rawani ya hau kai. Mu ɗalibai da ke jiran muƙaman gwamnati gobe, sai mu yi hattara.